Buhu Shida a Ƙarƙashin Gado

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Yau kwana huɗu ke nan. An yi wa Zuwaina aiki a ƙugu, an sa mata ƙarfe. Likita ya ce za ta taka, amma bai ce yaushe ba, da na matsa masa da tambaya sai ya dubi agogonsa. Shekara talatin da uku muna tare da matar nan, ban taɓa ganinta kwance da rana tsaka ba.

Azza tana can asibitin, ta ƙi dawowa gida. Ita ce 'yarmu ɗaya tilo, kuma ita ke tuƙi lokacin da abin ya faru. Wuyanta ne kawai ya bugu. Ni da ke zaune a gefenta ko ƙwarzane. Mutane sai barka da arziki suke yi mini, ina amsawa, raina na ɓaci.

Na same ta a bencin ƙofar ɗakin uwarta, riƙe da takardar nan da ta yi lissafin nauyin mota da na karafan, ɗakin da muke ja a baya. Ta ninke ta buɗe har takardar ta fara yagewa.

Ta ce, "Baba, a ina na kuskure?"

Na ce, "Ƙaddara ce, 'yata."

Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa karɓar wannan amsa daga bakin ɗalibi ba. Ba ta kuskure ko'ina ba. Na san inda kuskuren yake, har nauyinsa na sani. Gobe zan faɗa mata.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Ban faɗa ba. Na tarar ana juya Zuwaina tana kiran sunan Allah, sai na ga ba lokacinsa ba ne.

Bari in rubuta yadda aka fara. Zuwaina ta daɗe tana son ganin daminar Salala, can kudu. Nan Nizwa a watan nan ko ƙadangare inuwa yake nema, can kuwa yayyafi ne da hazo, duwatsu kore shar. Duk shekara maƙwabta su je su dawo da kwakwa da labari, ni kuma in ce mata baɗi. Da na yi ritaya sai uzuri ya ƙare mini. Ita kuma ta kafa nata sharaɗin: ba za ta kwanta a katifar haya da ba ta san wanda ya tashi a kai ba. Shi ya kai mu ga karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, da gadonsa da murhunsa.

Mu uku muka je Maskat. Idona ya faɗa kan wani babba mai tagogi shida. Mai sayarwa ya leƙa jif ɗina ya ce, "Ustaz Khalfan, wannan motar taka ai ko gidan sama ka ɗaura mata za ta ja." Na ji daɗi har cikin raina, kamar ni na ƙera ta.

Azza injiniya ce a ma'aikatar ruwa, ba a yi mata irin wannan zaƙin bakin. Ta ciro littafin motar ta buɗe.

"Baba, an rubuta kilo dubu ɗaya da ɗari biyar, ba ƙari. Wannan da kake shafawa dubu ɗaya da ɗari takwas ne, tun ba a sa ko cokali a ciki ba."

"Masu rubuta littafin nan matsorata ne, ragewa suke yi."

"To ni ma matsoraciya ce. Ko amalanke ba mu taɓa ja ba fa."

Ƙaramin muka saya, mai kilo 1,150. Ta ce tunda mu sababbin hannu ne, kada ya wuce 1,400 da kaya a ciki, don in abin da ake ja ya kusa kamo nauyin motar, shi zai koma yana jan ta. Wato kaya kilo 250 ne iyakarmu. Ta aro sikeli ta dasa a tsakar gida, ta auna tukwane da tukunyar gas da jarkokin ruwa, ta fitar da turmin tagulla na dakan gahawa. Zuwaina ta riƙe ƙugu ta ce, "Saura ni, zo ki auna ni, ko ni ma a gida za a bar ni." Muka yi ta dariya. Kilo 240 aka tashi da shi.

Kaya masu nauyi duk a tsakiya ta jera su, daidai kan tayoyi. Ta ɗaga gadon da ke can ƙarshen karafan ɗin ta nuna mini ramin ajiyar da ke ƙarƙashinsa, ta ce filo da barguna kawai, domin in wutsiya ta yi nauyi ita za ta riƙa kaɗa motar. Juma'a uku tana fita bayan gari tana gwada ja da juyawa. Ta ce in zo in gwada, na ce shekara arba'in ina tuƙi, ba yau zan koma ɗan koyo ba. Shi ya sa ita ta riƙe sitiyari.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan Asuba

Gobe.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Na leƙa sabla, zauren unguwarmu, don kada a ce na ɓuya. Ana zuba gahawa aka fara.

Wanzami ya ce, "Hanyar kudu ba ta mata ba ce, Ustaz. Ka ba yarinya sitiyari ga ɗaki guda a bayanta?"

Wani ya karɓe, "Karatu kam sun iya. Amma in abu ya rikice, hannun namiji ake so."

Ni da ake tsoron bakina a zauren nan, ni da na taɓa tashin majalisa saboda an yi kuskuren raba sa'o'in ban ruwa, na ja bakina na yi shiru. Na girgiza finjali alamar na ƙoshi, na miƙa.

Da za a watse sai tsoho Sulayyim, maƙwabcinmu, ya matso ya dafa gwiwata. "Maganar dabinon nan kada ta dame ka, duk mun yafe. Tunda rai ya tsira ai shi ke nan."

Na ce masa ya zube a hanya. Ban san lokacin da ƙaryar ta fito ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, kafin a tafi masallaci

Bai zube a hanya ba.

Ana gobe za mu tashi, Azza da uwarta suka tafi Bahla sallamar gwaggo. Ina zaune bayan La'asar sai ga Sulayyim da a-kori-kura, da buhunan kaba biyu na danƙararren dabino. Saƙo ne, in kai wa 'yarsa da ke aure a Salala. Can dabino ba ya yi, kuma tun kakanni wanda zai yi kudu daga garin nan ba ya tafiya hannu rabbana, amanar mutane yake ɗauka. Sulayyim shi ya wanke gawar mahaifina. Da wane baki zan ce masa sikelin 'yata ya cika?

Kafin in ankara labari ya zaga. Liman ya aiko da ɗaya, wanzami ɗaya, 'yan'uwan nan masu kanti suka aiko da biyu. Tunda na karɓi na farko ba ni da fuskar mayar da na shida. Kuma in faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan, ba kunya ce kaɗai ba. Ban so a ce a zaure 'yar Ustaz Khalfan ce ke auna masa abin da zai ɗauka.

Kowane buhu kilo arba'in. Shida sau arba'in ko ɗan aji uku ya sani. Na haɗa a kaina ina tsaye, 1,630. Na sani sarai. Na ce ai hanyar miƙaƙƙiya ce, ba tudu ba gangare. Wurin da zai ɓoye su ɗaya ne, ƙarƙashin gadon baya. Na fitar da bargunan, muka jera buhunan, na shimfiɗa filo a kai.

Da safe Azza ta zagaya ta duba tayoyi da ƙugiya da fitilu. Ta ɗora hannu a kan ƙofar karafan ɗin za ta buɗe, sai ta juyo.

"Baba, ba a ƙara komai ba ko?"

Na ce, "Ko tsinke."

Ta sauke hannunta ta ce, "To, bismillah."

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Azza ba ta koma aiki ba. Makullin 'yar ƙaramar motarta yana nan rataye a ƙusa. Tasi take hawa in za ta zo ɗaukar kayan sawa.

Talata, 12 ga Agusta, bayan La'asar

 Matar Sulayyim ta zo dubiya da kwanon halwa, alawar nan tamu, tana ajiyewa ta ce, "Dabinon kuwa Allah ya sa sadaka ne." Azza ta ɗauka ɗan kwalin kilo uku da ta auna da hannunta ake nufi, ta ce amin. Ni kuwa na tashi na fita kamar ana kirana a waya.

Tun ɗazu maganar da ta yi mini bayan mun wuce garin Adam take dawo mini. Ta ce, "Baba, ina jin bayan nan yana 'yar rawa, sitiyarin kuma ya yi sakayau." Na ce iska ce. A nan ma da na buɗe baki da mun tsaya, mu sauke buhunan a gidan mai, ta yi mini faɗa na minti goma, Zuwaina ta yi mini dariya har Salala.

Awa ɗaya bayan nan wata tankar mai ta wuce mu. Iskarta ta bugi karafan ɗin, ya yi hagu, ya dawo dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. Azza ba ta taka birki da ƙarfi ba, ta sassauta ƙafa a hankali yadda ta karanta, tana cewa, "Zai daidaita, zai daidaita." Da nauyin da ta sani ne da ya daidaita. Ya finciko bayan motar, muka bar kwalta, ɓangaren da Zuwaina ke zaune ya fara dukan ƙasa.

Gobe in sha Allahu.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Azza ta zo gida da kanta ta same ni. Ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta ajiye takardar a gabana, ta ɗauko jan biro daga cikin tsofaffin kayana ta ɗora a kai.

"Ka duba mini kamar yadda kake duba na 'yan ajinka. Kada ka ji tausayina."

Na sa tabarau na bi layi-layi. Nauyin mota, nauyin karafan, abin da ke danna ƙugiya, tukwane, ruwa, gas. Rubutunta tsaf irin na uwarta. Hannuna da ya saba sai ya riƙa sa alamar daidai a kowane layi. Na ce babu kuskure ko ɗaya.

Ta ninke takardar. Sannan ta ce, "To in lissafin daidai ne, hannuna ne ke nan. Ashe gaskiyar mutanen zaure ne." Wato maganar ta iso kunnenta. Ta ce ita da tuƙi har abada.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Kin ci abinci kuwa?"

Asabar, 16 ga Agusta, bayan Azahar

Hamud makaniki ya kira ni. Tare muka taso, kuma a filin garejinsa aka sauke abin da ya rage na karafan ɗin. Ya ce in zo in ga wani abu.

Bayan karafan ɗin ya lotse, bango ya danne gadon, shi ya sa ba wanda ya ɗaga shi da aka zaro jakunkunanmu. Amma rana ta yi aikinta. Kowa a garin nan ya san in aka jibge buhunan dabino a wuri mai zafi zuma suke tsatsowa, ai haka iyayenmu ke yin ta. Ga ta nan baƙa tana ɗiga ta tsagar daɓen karafan ɗin, ta taru a ƙasa, tururuwa sun yi layi tun daga bakin katanga.

Hamud ya ce, "Na gyara motoci masu yoyon mai da masu yoyon ruwa, amma mai yoyon zuma yau na fara gani. Buhu nawa?"

"Shida."

"A wutsiya?" Ya cire hularsa ya mayar. "Kai, Khalfan! Kai ne fa malamin lissafin."

Na ce ya taimaka ya sa a fasa a kwashe a zubar. Kunyar rubuta wannan nake ji, amma na faɗa.

Ya ce, "Ba da hannuna ba. Yarinyar nan sau uku tana kirana, Baffa ka duba ƙugiya, Baffa ka duba birki. Ba zan kai mata gulmarka ba. Amma ran da ta tambaye ni wannan, ba zan yi mata ƙarya ba. Ka je ka faɗa mata yau."

Na ce gobe. Ya tofar da yawu ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan La'asar

Zuwaina ta miƙe tsaye yau, riƙe da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Taku biyu ta yi, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Da aka kwantar da ita ta aiki Azza neman ruwan zafi, ta dube ni.

"Baban Azza, ni ƙashi ne ya karye, zai ɗinke. 'Yarka fa? Loma uku take yi ta ture kwano. In na motsa sai ta ce in yafe mata. Na gaji da yafe abin da ban ga laifinsa ba."

Na ce lokaci zai warkar.

"Kai da lokacinka! Shekara talatin kana ce mini baɗi. Ka yi mata magana, kai take ji. Tun tana ƙarama in ka ce mata nono baƙi ne ba ta zuwa dubawa."

Na gyara mata filo, na ce to.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Na tsara maganar tsaf, har na maimaita ta a gaban madubi. Gobe, ko me zai faru.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan Magariba

Na fito da safe da niyya. A hanya na tsaya aski. Daga nan na tsaya sayen lemo. Da na isa asibiti Zuwaina ta ce Azza ta hau tasi tun ɗazu, wai za ta je ta auna ƙugiyar da kanta. Ban tsaya ajiye lemon ba.

A garejin Hamud na tarar an banƙare gadon da ƙarfe. Buhunan shida suna jere a ƙasa, sun jiƙe, ƙudaje na bin su. Hamud na gefe yana kallon takalminsa. Azza na tsugune, hannuwanta duk zuma har gwiwar hannu. Ta ɗora ɗaya a sikelin gareji ta gani.

Na ce, "Azza, wallahi yau na fito in faɗa miki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na Baffa Sulayyim ne?"

"Biyu nasa ne."

Ta gyaɗa kai. Na so ta yi ihu, ta zage ni a gaban Hamud. Muryarta a kwance ta fito.

"Buhunan nan na yafe maka su tun kafin in gama ƙirgawa. Na san garinmu, na san ka ba ka iya cewa a'a. Amma kwana ashirin da ɗaya, Baba. Kana kallona. Na kawo maka takarda, ka sa mini maki da jan biro."

Na ce na ji tsoro ne.

Ta ce, "Da jiya ka faɗa mini, da hannunka zan sumbata."

Ta miƙe ta wanke hannu a famfon gareji, ta daɗe tana cuɗawa. Ta roƙi Hamud ya kira mata tasi. Na ce ga motar haya ina da ita a waje, ta ce a'a, ta gode.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan La'asar

Da safe na faɗa wa Zuwaina. Ta juya fuska bango, can ta ce, "Dabino." Ba ta karɓi lemon da na ɓare mata ba.

Bayan an sauko daga masallaci na shiga sabla, na ƙi zama. Na faɗa musu duka: kilo nawa motar ke iya ja, kilo nawa Azza ta auna, kilo nawa na ƙara, da inda na ɓoye, da abin da na ce mata da ta tambaya. Na ce duk cikinmu ba wanda zai iya riƙe motar nan, ita kuwa ta riƙe ta fiye da yadda ya kamata. Wanzami ya sunkuyar da kai.

Sulayyim ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Haba ɗana, da ka ce mini ba wuri ai da direban bas na ba. Kullum yana tafiya."

Wannan maganar ta fi duk abin da aka faɗa mini a makon nan ciwo.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Makullin ba ya kan ƙusa. Azza ta koma aiki. Zuwaina ta ce yarinyar ta cinye kwanonta jiya. Azza tana gaishe ni safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, ba abin da za a ce ya ragu.

Talata, 26 ga Agusta, bayan Azahar

An sallami Zuwaina yau. Azza ta ce ita za ta ɗauko ta a motarta, in zo in taimaka da ɗagawa. Na yi murna kamar yaro. Tun tana cikin gida na fita na sa keken guragu da filo biyu a bayan motar, yadda ta ce, na tsaya ina jiranta.

Ta fito da makulli a hannu, ta zagaya ta duba tayoyi. Ta ɗora hannu a kan murfin baya, ta juyo.

"Baba, ba a ƙara komai ba ko?"

Na ce, "Keken ne kawai da filo."

Ta ce, "To."

Sannan ta buɗe, ta ɗaga filon ɗaya bayan ɗaya, ta duba ƙarƙashinsu. Ta rufe, ta ce in shiga mu tafi.